Yadda ake gwada ko sinadari yana kama ƙullin G4 na DNA da na'urar qPCR

DNA ɗin da kowa ya sani igiya biyu ce da aka tufka, A na riƙe da T, G na riƙe da C. Amma inda G ya jeru uku-uku har wuri huɗu kusa da juna, igiya ɗaya tana iya naɗe kanta ta yi wani ƙulli na daban. G huɗu ne suke haɗuwa su yi faifai, faifai biyu ko uku su hau kan juna kamar an jera farantai, sai ƙwayar fotashiyam ta zauna a tsakaninsu ta riƙe ginin. Wannan ƙullin shi ake kira G-kwadirufleks, a taƙaice G4. Gellert, Lipsett da Davies ne suka bayyana faifan a 1962, amma sai a 2013 rukunin Shankar Balasubramanian na Jami'ar Kambirij suka nuna shi a cikin sel na ɗan'adam da antibodin da suka sa wa suna BG4.

Abin da ya ja hankalin masu neman maganin kansa shi ne wuraren da ƙullin yake samuwa. Ƙarshen kowane kuromosom, wato telomiya, jerin TTAGGG ne da ake ta maimaitawa, kuma bakinsa igiya ɗaya ce tilo da ke iya naɗewa. Enzayim ɗin telomares, wanda ke aiki a kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na kansa, ba ya iya ƙara wa telomiya tsawo idan bakin nan a ƙulle yake. Haka kuma akwai jerin G4 a maɓallan da ke kunna ƙwayoyin gado irin su c-MYC, KRAS, c-KIT da BCL2. A 2002 rukunin Laurence Hurley suka nuna cewa sinadarin TMPyP4, da ya daskarar da ƙullin c-MYC, ya rage aikin ƙwayar gadon. Dabarar ke nan: a samo ƙaramin sinadari da zai kwanta a kan faifan G ya hana ƙullin kwancewa.

Har yau babu maganin G4 da aka amince a sayar. Dalili mafi girma shi ne yawancin sinadaran da ke kama G4 suna kama DNA mai igiya biyu ma, wanda ya fi G4 yawa nesa ba kusa ba a cikin sel. Saboda haka gwajin da za a bayyana a nan yana da rabi biyu, kuma rabi na biyu, wato gasa da DNA na yau da kullum, shi ne mai muhimmancin. Na'urar da ake buƙata ita ce qPCR, mai ɗumama samfur tana auna haskensa, wadda tun bayan annobar korona ta yawaita a ɗakunan gwaji na Jos da Vom da Abuja.

Abin da gwajin yake aunawa

Ana amfani da guntuwar igiya mai harafi 21 da ake kira F21T: GGGTTAGGGTTAGGGTTAGGG, an maƙala mata rini mai ba da haske, FAM, a kai, rinin TAMRA a wutsiya. Idan igiyar tana ƙulle, kai da wutsiya suna kusa, sai TAMRA ya shanye hasken FAM. Idan zafi ya kwance ƙullin, suka yi nisa, hasken FAM ya tashi. Zafin da rabin igiyoyin suka kwance shi ne ma'aunin, ana kiransa Tm. Sinadarin da ya kama ƙullin zai tura wannan zafin sama, kuma bambancin shi ake rubutawa da ΔTm. Rukunin Jean-Louis Mergny a Faransa ne suka daidaita wannan hanyar, kuma adadin da ke ƙasa nasu ne ko kusa da nasu.

Kayan da za a yi oda

Igiyar F21T dole a nemi wadda aka tace da na'urar tace sinadarai ta HPLC, domin duk igiyar da ta rasa TAMRA za ta yi ta haske tun daga farko ta dusashe sakamakon. Sai ds26, abokiyar gasa, wadda ba ta da rini: CAATCGGATCGAATTCGATCCGATTG. Sai 22AG, wato AGGGTTAGGGTTAGGGTTAGGG ba rini, don gwajin tabbatarwa. Mai sha'awar c-MYC ya ƙara da TGAGGGTGGGTAGGGTGGGTAA mai rini iri ɗaya. Igiyoyin suna zuwa a bushe, kuma a bushe suna jure tafiyar kwanaki ba ƙanƙara, don haka jinkirin kaya daga Legas ba abin tayar da hankali ba ne. Matsala tana farawa ne bayan an jiƙa su.

Ana buƙatar sinadarai biyu na kwatance. Firidostatin ko PhenDC3 shi ne misalin mai zaɓar G4, TMPyP4 kuma misalin mai kama kowa. Duk farantin da babu waɗannan biyun a ciki ba a san abin da ya auna ba.

Kafin a buɗe kwalbar igiya a juya ta a santirifuj na daƙiƙa 30, saboda busasshen garin yakan manne a murfi. A zuba µL 10 na ruwa marar nukiliyes ga kowane nmol ɗaya, ya ba da µM 100. Ita ds26 a jiƙa ta da µL 2 ga kowane nmol, ta zama µM 500, don ana buƙatarta da kauri. Kada a jiƙa igiya mai yawan G da ruwan da ke da fotashiyam: a wannan kaurin igiyoyi daban-daban ne za su ƙulle da juna su yi gudaji, maimakon kowace ta naɗe kanta. A auna kaurin gaskiya a nm 260 da adadin shan haske da kamfanin ya rubuta a takardar, a raba µL 10-10 a ƙananan kwalabe, a nannaɗe masu rini da takardar alminiyam, a ajiye a digiri 20 ƙasa da sifili. Firizar da wuta ke ɗaukewa a kanta ta narke ta sake daskarewa kullum tana lalata rini sannu a hankali; a sa kwalaben a tsakiyar fakitin ƙanƙara a can ƙasan firiza.

Bafa

Nan ne aka fi yin kuskure, domin gishirin da ke cikin bafa, wato ruwan da ke riƙe pH a wuri ɗaya, shi kansa mai daskarar da G4 ne. Fotashiyam ya fi ƙarfi, sodiyam na biye, litiyam kusan ba ya taɓuka komai. Idan fotashiyam ya yi yawa, ƙullin zai yi tauri tun kafin a sa sinadari, ba sauran filin da za a ga ƙari. Shi ya sa ake sa fotashiyam kaɗan a cike sauran da litiyam: mM 10 KCl, mM 90 LiCl, mM 10 litiyam kakodilet, pH 7.2.

Don haɗa mL 100: mL 1 na KCl mai M 1 (giram 7.46 a mL 100), mL 9 na LiCl mai M 1 (giram 4.24 a mL 100), mL 10 na kakodilet mai mM 100, da mL 80 na ruwa. Kakodilet ɗin ana narkar da giram 1.38 na asid ɗinsa, a ɗaga pH da LiOH har 7.2, a cike zuwa mL 100. Wanda ya ɗaga pH da KOH ko NaOH ya canza lissafin gishirinsa bai sani ba. LiCl yana shan danshi da sauri, musamman da damina a Jos, don haka a auna shi nan take a rufe kwalbar. Kakodilet yana ɗauke da arsenik: safar hannu, kuma ragowar ruwan a tara shi a kwalba ta daban mai alama, ba a zuba a sinki ba.

Tris ba ya maye gurbinsa. pH ɗin Tris yana sauka kusan 0.03 a kowane digiri ɗaya, ke nan daga digiri 25 zuwa 90 ya faɗi kusan maki biyu, shi kuwa FAM haskensa yana mutuwa idan ruwa ya yi tsami. Inda kakodilet bai samu ba, fosfet ya fi, amma a lissafa fotashiyam ko sodiyam ɗin da ya zo da shi a cikin jimilla. Ga igiyar c-MYC, wadda ƙullinta ya fi na telomiya tauri sosai, a rage KCl zuwa mM 1, LiCl ya zama mM 99.

Naɗe igiya da jera faranti

A zuba µL 4 na F21T mai µM 100 a cikin µL 996 na bafa, ya zama µM 0.4. Wannan mL ɗaya ya ishi rami 80. A ɗora a digiri 90 zuwa 95 na minti 5, sannan a tsoma a ƙanƙara na aƙalla minti 15. Sanyayawa da sauri tana taimaka wa kowace igiya ta naɗe kanta. ds26 akasin haka take so: a dafa ta a bafa, a bar ta ta huce a hankali cikin sa'o'i biyu zuwa uku.

Wani abu da littattafan waje ba sa ambata: Jos tana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96. Tukunyar ruwan da aka saita a 95 tana bakin tafasa ke nan, murfin kwalabe yana iya ɓallewa. A yi amfani da ƙarfen ɗumamawa ko na'urar PCR mai murfi mai zafi, a tsaya a 90, ya wadatar.

Sinadarin da za a gwada a narkar da shi a DMSO, ruwan narkar da sinadarai, ya zama mM 10, a sirka shi a mataki biyu: µL 2 a cikin µL 198 na bafa, ya zama µM 100, sannan µL 50 na wannan a cikin µL 950, ya zama µM 5. Kada a yi ƙoƙarin ɗebo rabin µL a tsallake mataki, fifet ba ta da gaskiya a wannan ƙanƙantar. A ɗaga kwalbar a duba a haske. Idan ta yi hazo, sinadarin bai narke ba, kuma duk adadin da ya fito daga baya na banza ne.

Kowane rami µL 25 ne: µL 12.5 na F21T, µL 5 na sinadari, µL 5 na ds26 ko bafa, da µL 2.5 na bafa. Ƙarshensa F21T µM 0.2, sinadari µM 1, wato ninki biyar. Ita ds26 a haɗa ta µM 15 da µM 50, waɗanda a rami za su zama µM 3 da µM 10. Kowane yanayi rami uku. Dole a samu ramin F21T kaɗai da DMSO daidai da na sauran, ramin F21T da ds26 ba sinadari, da ramin sinadari kaɗai ba igiya. A guji ramukan gefe idan akwai fili, su ne suka fi ƙafewa. A liƙe ledar rufi a danne ta sosai, a juya farantin a santirifuj don kumfa ta fita, a bar shi minti 15 a duhu. Da hunturu a yi aikin a ɗaki mai rufaffiyar taga, ƙura a kan leda tana warwatsa haske.

Saita na'ura

A zaɓi tashar FAM kaɗai, wadda ke haskawa a wajen nm 492 tana karantawa a wajen nm 516. A kashe gyaran ROX, rinin kwatance da na'ura ke daidaita karatun haske da shi. Na'urori da yawa suna zuwa da shi a kunne, kuma tunda babu ROX a ramukan, za su raba adadin da hayaniya su ba da layi mai tsalle-tsalle. Minti 5 a digiri 25, sannan hawa digiri ɗaya a minti ɗaya har 95, ana karantawa a kowane digiri. Idan manhajar ba ta yarda da wannan saurin ba, a tsara zagaye 71 na minti ɗaya-ɗaya da ƙarin digiri ɗaya a kowane zagaye. Saurin da aka saba yi wa SYBR, rinin gwajin qPCR na yau da kullum, ya yi yawa: G4 yana kwancewa a hankali, idan aka yi gaggawa Tm zai fito sama da gaskiya.

Aikin yana cin kusan awa ɗaya da rabi. A ɗora na'urar a kan inbata ko UPS da aka tabbatar tana riƙe wannan tsawon, domin ɗaukewar wuta a tsakiya tana nufin a zubar da farantin. Wasu sinadaran ba sa jure dafuwa ta biyu.

Karanta sakamako

A fitar da ɗanyen adadin haske zuwa Excel. Kada a dogara da tsinin da manhajar ke zanawa, an gina ta ne don hasken da ke sauka, a nan kuwa hawa yake yi, don haka tsinin yakan fito a kife ko a rasa shi. Ga kowane rami a cire mafi ƙarancin haske daga kowane karatu, a raba da tazarar da ke tsakanin mafi yawa da mafi ƙaranci, layin ya tashi daga 0 zuwa 1. Zafin da ya kai 0.5 shi ne Tm. F21T kaɗai a wannan bafa tana kwancewa ne a wajen digiri 50 da 'yan kai. Idan ta fito ƙasa da haka sosai, a zargi bafa. Idan ramukan nan uku sun saɓa da fiye da digiri ɗaya, a zargi fifet ko rufi.

Firidostatin da PhenDC3 sukan ɗaga Tm fiye da digiri 20. Ƙarin digiri ɗaya ko biyu hayaniya ce. Idan layi bai kai ƙarshen hawansa ba har 95, ba a ƙirƙiro masa Tm; a rubuta cewa ya haura, a sake gwajin da sinadari µM 0.4.

Sai gasa. A raba ΔTm na ramin da ke da ds26 da ΔTm na ramin da babu. A µM 10, ds26 ta ninka F21T sau 50. PhenDC3 zai riƙe kusan duk ƙarinsa, TMPyP4 kuma zai zubar da kaso mai yawa, domin ya watsu a kan ds26. Sinadarin da ya ba da digiri 8 ya riƙe 7 a gaban ds26 ya fi cancantar a bi shi da wanda ya ba da 18 ya koma 4. Ɗalibai sukan so babban adadi don ya fi kyau a jadawali, amma na farkon ne ke da makoma. A maimaita duka a ranaku uku daban da sabon sirki.

Inda rini ke yaudara

Sinadari yana iya ɗaga Tm saboda ya maƙale wa FAM ko TAMRA, ba wa faifan G ba. Yana iya shanye hasken FAM, kamar yadda TMPyP4 ke yi idan ya yi yawa. Yana iya yin nasa hasken: baberin, alkaloid mai launin rawaya da aka san yana kama G4, haskensa yana shiga tashar FAM. Ramin sinadari kaɗai yana tona wasu daga ciki, ba duka ba, domin wasu ba sa haske sai sun hau DNA.

Wannan ya shafi masu aiki da tsirrai kai tsaye. Ɗanyen jiƙo ba ya shiga wannan gwajin. Tanin yana kama kusan komai, koren ganye yana shan haske, kuma ba a san kaurin abin da ke ciki da µM ba balle a yi lissafin ninki biyar. Sai an rarrabe an samu sinadari guda mai sanannen nauyi. Alkaloid masu faffaɗan zobe a shimfiɗe da cajin fositif (+) su ne suka fi dacewa da faifan G. Misali na kusa shi ne kiriftolefin, daga tsiron Cryptolepis sanguinolenta da ake kira nibima a Ghana: shi kansa yana kutsawa cikin DNA mai igiya biyu, amma an gina 'yan uwansa na gidan kwindolin masu hannayen gefe da suka fi karkata ga G4.

Don haka duk wanda ya tsallake gasa sai a tabbatar da shi ba rini. Da sifektirofotomita mai kofin kwatz da hanyar ɗumama shi, a sa 22AG µM 3 zuwa 5 a bi shan haske a nm 295. G4 yana da wannan alamar, wadda DNA mai igiya biyu na yau da kullum ba ya da ita: shan hasken yana sauka yayin da ƙullin ke kwancewa. A ɗauki bakan haske a digiri 20 da 90 a cire na farko daga na biyu. G4 yana ba da tudu a wajen 243 da 273 da kwari a 295. Inda ake da damar aika samfur zuwa na'urar CD, mai auna yadda igiya ke shan haske mai murɗawa, ita ke faɗin siffar ƙullin: tudu a wajen 264 da kwari a 240 na nufin layukan sun fuskanci waje ɗaya, kamar na c-MYC, tudu a 295 da kwari a 260 na nufin sun saɓa.

Ga mai son gwada i-motif, ƙullin da igiya mai yawan C ke yi a ɗaya gefen, wanda aka gano a 1993 aka kuma gani a cikin sel a 2018, a tuna yana son pH wajen 5.5 zuwa 6, inda FAM ya riga ya raunana. Bafa da rini duk sai an sake tunaninsu.

Daga faranti zuwa sel

Kashe sel a gwajin MTT, mai auna yawan sel masu rai, ba hujja ba ce cewa ta hanyar G4 aka kashe shi. Akwai gwaje-gwajen da suka fi nuna hanya. Sel ɗin CA46 na kansar Burkitt, wadda Denis Burkitt ya bayyana a yaran Uganda a 1958, yana da kwafin c-MYC biyu: ɗaya na nan da maɓallinsa mai G4, ɗayan ya ƙaura zuwa kuromosom na 14 ya rabu da shi. Sinadarin da ke aiki ta G4 zai rage saƙon ekson na 1, wato sashen farko na ƙwayar gadon, ya bar na ekson na 2 kusan yadda yake. Wanda ya rage duka biyun wata hanya ya bi. Sai kuma gwada sel biyu masu asali ɗaya, mai BRCA2, ƙwayar gadon gyaran DNA, da marar shi, irin na sel ɗin DLD-1: marar BRCA2 ba ya iya gyara karayar da daskararren G4 ke jawowa lokacin kwafar DNA, don haka shi ya kamata ya fara mutuwa. Wannan ya shafe mu a Najeriya, domin binciken da aka buga a 2018 kan mata sama da 1,000 masu kansar mama a Ibadan ya sami lahani a BRCA1 ko BRCA2 a wajen kashi 11 cikin ɗari.

Gwajin TRAP, mai auna aikin telomares, yana da tarko: matakinsa na biyu PCR ne a kan jerin TTAGGG, kuma sinadarin G4 yana toshe PCR ɗin kansa, sai a ɗauka enzayim ɗin aka hana. A cire sinadarin kafin matakin PCR.

CX-5461 shi ne misalin da ya kamata a riƙe a kai. A 2017 an nuna yana daskarar da G4 yana kashe sel marasa BRCA, ya kuma shiga gwajin asibiti, inda aka ga yana sa fata ƙonewa da hasken rana. Daga baya aka gano yana sa wa enzayim ɗin tofo'aisomares II, mai warware murɗewar DNA, guba, sannan aka nuna yana jawo sauye-sauye masu yawa a DNA na sel na ɗan'adam da aka gwada. Saboda haka sinadarin da ya tsallake matakan nan a haɗa masa gwajin tofo'aisomares II, da gwajin Ames mai gano ko sinadari yana sauya DNA, da gwaji a kan sel lafiyayye a haske da duhu, kafin a nemi izinin kwamitin ɗa'a don aikin ɓeraye.